Tambaya da Amsa: Me ya sa ake kwaɓa simintin ƙashi iri biyu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin tiyata. Na lura cewa idan za a dasa gaɓar ƙugu, ana kwaɓa simintin da ake manne gaɓar da ƙashi da shi a na'urar zuƙe iska, amma idan gaɓar ta kamu da ƙwayoyin cuta, likita kan ce a kwaɓa da hannu a kwano, a ƙara garin maganin kashe ƙwayoyin cuta da yawa. Shin wannan yana shafar fitar maganin daga cikin simintin? Daga wata mai karatu, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Yana shafar ta ƙwarai. Tun 1970, lokacin da likitoci Buchholz da Engelbrecht suka gauraya maganin jentamisin da siminti a Jamus, aka fahimci cewa simintin ba ya narkewa a jiki. Ruwan jiki ne ke ratsa samansa da ƙananan ramukan da ke cikinsa, ya wanko maganin. Shi ya sa maganin ke fita da yawa a kwanakin farko, sannan ya ragu, mafi yawansa kuwa ya maƙale a ciki.

Kwaɓawa da hannu tana shigar da iska, iskar ta bar ramuka, ramukan su ba ruwa hanya, amma su rage ƙarfin simintin. Na'urar zuƙe iska tana rage ramukan, don haka ta dace da gaɓar da za ta ɗauki nauyin mutum shekara da shekaru, inda maganin bai cika wuce giram 1 cikin giram 40 na garin siminti ba. Simintin wucin gadi da ake sakawa bayan an cire gaɓar da ta kamu ba ƙarfi ake nema a gare shi ba, saboda haka akan zuba magani giram 4 ko fiye, wani lokaci a haɗa bankomisin da tobramisin, domin ɗaya kan buɗe wa ɗaya hanya.

Ki kula da zaɓin maganin ma. Simintin yana yin zafi sosai yayin daskarewa, sai maganin da ke jure zafi, kuma na gari ya fi na ruwa, domin na ruwa yana raunana simintin. Rifamfisin kuwa yana hana shi daskarewa yadda ya kamata. A ganina, inda aka fi sakaci shi ne bayan tiyata: majinyacin da aka saka masa siminti mai magani da yawa yana bukatar a riƙa auna aikin ƙodarsa a makonnin farko, domin maganin na iya cutar da ƙoda.