Kafin ka ajiye aiki a Jidda, duba lissafin sallamarka

Malam, ka ce shekararka takwas a wani kamfani, albashinka riyal 6,000, ka tara abin da zai riƙe ka, kana so ka huta ka riƙa karɓar fansho daga GOSI, hukumar inshorar ma'aikata ta Saudiyya.

Wannan fanshon fa babu shi. Kashi 2 cikin ɗari da kamfani ke biya dominka na haɗarin wurin aiki ne kawai, fansho kuwa na 'yan ƙasa ne. Haƙƙinka shi ne kuɗin sallama. Sashe na 84 na dokar ƙwadago ya ba ka rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin biyar na farko, sai cikakken albashin wata a kan kowace shekara bayan nan. Naka ya kama riyal 33,000, muddin 6,000 ɗin ya haɗa da alawus ɗinka na dindindin. Ban ga kwantiraginka ba, don haka kada ka riƙe adadin da ƙarfi.

Inda mutane ke tafka asara shi ne takardar murabus. Wanda ya yi murabus bayan shekara biyar, bai cika goma ba, kashi biyu cikin uku sashe na 85 ya ba shi, wato 22,000. Kwantiragin baƙo mai wa'adi ne. In ka bari wa'adin ya cika, ka sanar da su a rubuce cewa ba za ka sabunta ba, a galibin lokuta cikakken kuɗin za ka karɓa. In ka fita a tsakiya, suna iya neman diyya a ƙarƙashin sashe na 77. Ranar cikar wa'adin tana nan a Qiwa, shafin intanet na ma'aikatar ƙwadago da ake rajistar kwantiragi.

Iƙamarka kuma, wato izinin zamanka a ƙasar, da aikin take tafiya. Ajiyar banki ba ta sabunta ta. Iƙama ta musamman ta dindindin, wadda ba ta rataya da aiki ba, riyal 800,000 ce.

Shagon da ka ce ka zuba jari a ciki da sunan wani ɗan ƙasa shi ya fi tayar min da hankali. Wannan tasattur ne, wato baƙo ya yi kasuwanci a ɓoye da sunan ɗan ƙasa, hukuncinsa na iya kai ɗaurin shekara biyar da tarar riyal miliyan biyar. Kada ka yi gaggawar kai shi ƙara, don kai ma za ka shiga ciki. Ka zauna da shi gaban dattawa, ka zare kuɗinka cikin lalama, bayan wani lauya ya ga takardunku.

In kamfani ya fara yi maka jeka-ka-dawo, fara da zaman sulhu na ma'aikatar ƙwadago. Wata 12 kake da shi na shigar da ƙara bayan barin aiki, kuma kada ka sa hannu a takardar cewa an biya ka haƙƙinka sai kuɗin sun shiga asusunka.