Ku Tambaya Mu Amsa: Ina Kuɗin Ƙwallo Suke Shiga?

Wasiƙun da suka iso mana wannan karon daga Katsina da Daura kusan duk a kan kuɗi suke: wa ke da kulob, wa ke biya, wa ke cin riba. Mun tsamo biyar.

Tambaya: Assalamu alaikum. Katsina United ta gwamnati ce, gwamnati kuwa ba ta rasa kuɗi ba. Me ya sa duk shekara sai mu ga sababbin fuskoki a fili, ɗan wasan da ya yi mana ƙoƙari bara kuma ya koma wata ƙungiyar, ba mu ji an ce ga abin da aka samu a kansa ba? Daga wani magoyin baya, Ƙofar Ƙaura, Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Wannan ciwo kusan duk ƙungiyoyin jihohi da ke gasar firimiyar Najeriya suna fama da shi, kuma tushensa kalanda ne tun kafin a zo maganar yawan kuɗi. Kasafin gwamnati yana tafiya ne daga Janairu zuwa Disamba, kakar wasa kuwa tana farawa wajen ƙarshen damina ta ƙare wajen Mayu. Ke nan kaka ɗaya tana hawa kan kasafi biyu. Lokacin da ya kamata a zauna da 'yan wasa a sabunta kwantiragi, takardar neman kuɗi tana kan hanya daga hukumar kulob zuwa ma'aikatar wasanni, daga can zuwa ofishin da zai sa hannu, sannan baitulmali. Shugaban kulob da bai san nawa za a sakar masa baɗi ba, da wace zuciya zai ɗaure kansa da ɗan wasa shekara uku? Sai ya ba shi ta shekara ɗaya.

To a nan gizo ke saƙa. A dokar FIFA, idan saura wata shida kwantiragin ɗan wasa ya ƙare, yana da ikon sa wa wata ƙungiya hannu, in ya ƙare kuma ya tafi kyauta, ko sisi ba za a biya tsohuwar ƙungiyarsa kuɗin saye ba. Ɗan wasan da ya ci ƙwallo goma sha biyu a kwantiragin shekara ɗaya, tun ana tsakiyar kaka ya zama kayan kowa. Da a ce shekara uku aka rubuta, duk mai zawarcinsa dole ya zo ya yi ciniki.

Sai kuma abin da ake kashewa, wanda mai kallo daga kan benen filin Muhammadu Dikko ba ya gani. Ƙungiyoyi 20 ne a gasar, wasa 38, guda 19 a waje. Zuwa Kano wajen Pillars tafiya ce ta 'yan sa'o'i, amma Aba wajen Enyimba ko Fatakwal wajen Rivers United ya haura kilomita dubu. Ka lissafa man mota zuwa da dawowa, ɗakunan otal na tawagar da ta kai mutum talatin, abinci sau uku, alawus na tafiya, da ladan cin wasa in an ci. Ga albashi duk wata, ga kuɗin sa hannu, ga magani da asibiti, ga tara in magoya baya sun yi jifa ko sun shiga fili. Wannan ta ƙarshe a hannunmu take, mu masu kallo, kuma ita ce ta fi ciwo, domin bayan tarar akan iya kai ƙungiya wani gari ta buga wasannin gida, kuɗin ƙofa ya tafi, kuɗin tafiya ya ninka.

Abin da ya kamata ƙungiyar magoya baya ta riƙa tambaya a taro shi ne: 'yan wasa nawa ne ke da kwantiragin da ya wuce kaka ɗaya? Cikin waɗanda ba su kai shekara 23 ba, nawa aka ɗaure? In an sayar da yaro, an rubuta kason da za a samu idan aka sake sayar da shi? Amsar waɗannan ukun ta fi gaya maka lafiyar kulob fiye da sunan duk wanda aka cefano.

Tambaya: Malam, muna da ƙaramar makarantar ƙwallo a Daura. Yaron da muka raina tun yana shekara 12 har ya kai 17, yanzu ana maganar fita da shi waje. An ce muna da haƙƙi. Gaskiya ne, ko daɗin baki ne? Daga wani koci, Daura.

Amsa: Koci, gaskiya ne, har ma haƙƙi biyu ne, amma dukansu a kan takarda suke rataye.

Na farko shi ne ladan raino. Ana biyansa ne idan yaro ya sa hannu a kwantiraginsa na farko na ƙwararru a wata ƙasa, kafin ƙarshen shekarar da ya cika 23. Da matakin ƙungiyar da ta ɗauke shi ake lissafi, ba da abin da kuka kashe ba. A Turai mataki huɗu ne: Yuro 90,000 a shekara, 60,000, 30,000, da 10,000. Shekarun 12 zuwa 15 kullum da na ƙasan ake auna su. Mu ɗauka ƙungiya mai mataki na biyu ce ta ɗauki yaronku: shekara huɗu sau 10,000, da shekara biyu sau 60,000, ya kama Yuro 160,000. Idan kuwa ƙungiyar da ta ɗauke shi ita kanta mataki na huɗu ce, ba a biyan komai.

Na biyu shi ne kason da ake cirewa duk lokacin da aka sayar da shi da kuɗi a waje: kashi 5 cikin 100 na farashin, a raba wa duk waɗanda suka raine shi daga 12 zuwa 23. Kowace shekara daga 12 zuwa 15 tana da 0.25, daga 16 zuwa 23 kuma 0.5. Naku shekara shida ya zama kashi 2 cikin 100. In an sayar da shi Yuro miliyan 2, kuna da 40,000. In an sake sayar da shi miliyan 10 bayan shekara uku, kuna da 200,000, kuna zaune a Daura. Wannan ba ya ƙarewa sai ya daina bugawa, sai dai duk sanda ya tafi kyauta babu abin rabawa.

Inda ake yin asara wuri uku ne. Tun Nuwamban 2022 FIFA ta buɗe ofishin da ke karɓar waɗannan kuɗaɗe ya raba, kuma abin da yake dubawa shi ne tarihin rajistar yaro a kwamfuta. Makarantar da ba ta da rajista da hukumar ƙwallo ta jiha da ta ƙasa, wato NFF, ko ba ta sa sunan yaron a kowace shekara ba, a wurinsu ba ta taɓa ganinsa ba. Hotunan atisaye da shaidar mai unguwa ba su ci nan. Na biyu, idan yaron ya fara sa hannu a matsayin ƙwararre a wata ƙungiya a cikin Najeriya, ya buga ko da kaka ɗaya kafin ya fita, ladan rainon na FIFA ƙungiyar ƙarshen ce kawai za ta ci, ku sai kason sayarwa. Saboda haka kafin ku sake shi ga kowace ƙungiyar gida, a rubuta yarjejeniya da kasonku a ciki. Na uku, dillali zai iya kawo muku takarda da Turanci ya ce ta sallama ce kawai, alhali a ciki an rubuta kun yafe ladan raino. Kada a sa hannu sai lauya ya karanta. Kuma a duba sunan yaron da ranar haihuwarsa: in takardarku ta ce Abdullahi, fasfo ya ce Abdul, shekarar ma ta bambanta, kun sayi doguwar shari'a.

Tambaya: Kullum muna gardama a gidan kallo. Chelsea ta zuba kuɗi kamar ba gobe ba a cire mata maki ba, Everton kuma an zaftare mata maki. Ba son kai ba ne? Daga wani ɗan Arsenal, Sabon Layi, Katsina.

Amsa: Ɗan Arsenal, mun san inda ke yi maka ƙaiƙayi, amma lissafi ne. Dokar da aka kama Everton da ita ta hana ƙungiya yin asarar da ta wuce Fam miliyan 105 cikin shekara uku. An cire mata maki 10 a Nuwamban 2023, ta ɗaukaka ƙara aka mayar 6. Nottingham Forest ma an cire mata 4 a Maris 2024. Asara aka auna, ba yawan cefane ba.

A littafin akanta, kuɗin sayen ɗan wasa ana raba shi ne a kan shekarun kwantiraginsa. Ɗan wasan Fam miliyan 100 a kwantiragin shekara biyar, miliyan 20 ne duk shekara. A shekara takwas kuwa miliyan 12.5. Shi ya sa Chelsea, bayan Todd Boehly da abokansa sun saye ta a 2022, ta riƙa ba da kwantiragin shekara takwas da rabi, kamar na Enzo Fernandez da Mudryk. Kuɗin sayarwa kuma gaba ɗaya yake shiga a shekarar da aka yi cinikin. Yaron da ya taso a makarantar kulob ba a saye shi ba, don haka duk abin da aka samu a kansa riba ce zalla. Mason Mount da aka sayar wa Manchester United Fam miliyan 55 a 2023, a takarda shi kaɗai ya rufe kason shekara guda na manyan 'yan wasa huɗu.

Hukumar ƙwallon Turai, UEFA, ta toshe ƙofar dogon kwantiragin nan a 2023, ta ce rabon kada ya wuce shekara biyar, firimiyar Ingila ta bi sahu a Disambar shekarar. Dabarar ma tana da ƙaya: ɗan wasan da bai yi ba, ka maƙale da albashinsa shekara takwas. In ka saye shi miliyan 50 na shekara biyar, bayan shekara biyu saura 30 a littafi, ka sayar 25, ka rubuta asarar 5.

Tambaya: Ba gara a sayar wa wani attajiri da ƙungiyoyin jihohi ba, ko a bar wa magoya baya kamar Barcelona? Daga wani ɗan kasuwa, Ƙofar Marusa.

Amsa: Alhaji, ya danganta da attajirin da kuma yadda ya biya. Iyalan Glazer sun sayi Manchester United a 2005 kan kusan Fam miliyan 790, mafi yawa da bashi, suka ɗora bashin a kan kulob ɗin da a da ba a bin sa. Barcelona ta mambobi ce, su ke zaɓen shugaba, amma mai neman ƙuri'a alƙawarin manyan sunaye yake yi, har ta kai a 2021 ba su iya riƙe Messi ba. Jamus ta bi tsakiya: mai kuɗi ya zuba, rinjayen ƙuri'a ya zauna hannun mambobi. A gida, Remo Stars ta Kunle Soname ta ɗauki kofin gasar firimiyar Najeriya na 2024/25, kuma ta ginu ne a kan filinta da makarantar yaranta a Ikenne. Mu dai a ganinmu, duk wanda zai karɓi ƙungiyar jiha a fara rubuta masa sharaɗi biyu: ba zai ɗauke ta daga garin ba, kuma ba zai ci bashi da sunanta ba.

Tambaya: Ɗana shekararsa 16. Wani ya ce ejan ne, in ba shi Naira miliyan biyu ya kai shi gwaji Turai. Na fara tunanin sayar da fili. Daga wata uwa, Rafindaɗi, Katsina.

Amsa: Hajiya, don Allah a bar filin nan inda yake. Dokar FIFA ta hana kai yaro wata ƙasa ya yi rajista da ƙungiya kafin ya cika 18, in ban da 'yan yanayi kaɗan, kamar iyaye su ƙaura saboda dalilin da ba ƙwallo ba. Ahmed Musa kansa, da ya bar Kano Pillars zuwa VVV-Venlo ta Holand a 2010, sai da ya cika 18 kafin ya fara buga musu. Ke nan ko da gwajin gaskiya ne, babu ƙungiyar waje da za ta iya yi wa ɗanki rajista yanzu.

Ki sa wani ɗanki ko ƙaninki mai waya ya yi abu uku. Ya nemi lambar lasisin mutumin, ya duba sunansa a jerin dillalai masu lasisi da ke shafin FIFA na intanet. Ya karɓi takardar gayyatar, ya nemo adireshin imel na ƙungiyar daga shafinta na ainihi, ba wanda ke jikin takardar ba, ya tambaye su ko sun san da ita, domin tambarin kulob kowa na iya bugawa a shagon kwamfuta. Sannan ya tambayi wa zai biya jirgi da masauki: ƙungiyar da ke son yaro da gaske ita ke ɗaukar wannan, ejan kuma daga kwantiragi yake cin ladansa bayan an sa hannu. Kada a ba kowa fasfon yaron ya riƙe. Shekara biyun da suka rage, a tabbatar yana bugawa a ƙungiyar da ke da rajista da hukumar ƙwallo ta jihar Katsina, da sunansa na gaskiya da shekarunsa na gaskiya, kuma kada ya ajiye makaranta.