Ka fara da wayar da ke hannun uwarsu

Ƙanena, jiya muna rufe shago ka yi mini tambaya ban amsa maka da kyau ba, hankalina yana kan kwamfutar nan da ta ƙi tashi. Ka ce firamaren unguwarmu nan Agege ta nemi ka riƙa koya wa 'yan aji huɗu zuwa shida kwamfuta sau biyu a mako, injuna shida, yara talatin a aji, kuma ba ka san ta inda za ka kama ba. Na yi wannan koyarwa kafin in tsaya a gyara kaɗai, don haka saurara.

Batun injin mai sauƙi ne. Raba su biyar-biyar, kowa ya riƙe linzamin kwamfuta, wato maus, da hannunsa, ya buga sunansa da kansa. Ka sa ido, don maza kan ture 'yan mata su mamaye kujera. Kada ka cika allo da bayanin da za su haddace. Ka zuba musu Scratch, manhajar da jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007 don yara 'yan shekara 8 zuwa 16. Kyauta ce, akwai wadda ke aiki ba intanet, yaro yana jera umarni kamar bulo sai kyanwa ta yi tafiya a fuskar kwamfuta. Ran da aka ɗauke wuta, tsayar da yaro ɗaya ya zama kwamfuta, sauran su ba shi umarni: taku uku gaba, juya dama. Idan suka yi kuskure zai ci karo da benci, nan take za su gane inji abin da aka faɗa masa kawai yake yi.

Abin da ya fi damuna shi ne waya. Yaran nan a wayar iyayensu suke haɗuwa da intanet, kuma a gidajenmu da yawa, daga Agege har Idi-Araba da Mile 12, yaro ɗan boko shi ne mai karanta wa gida saƙon Turanci. 'Yan damfara sun san haka.

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar da na koyar. Uwarta na suyar awara a bakin layi, hannu duk mai, waya ta yi ƙara, ta ce ɗauki. Mutumin ya ce daga banki yake, za a rufe asusu yau, saƙo zai shigo, ta karanto masa lambobin. Yarinya ta karanta tsaf, tana jin daɗin ta iya. Kafin magariba jarin awara ya tafi. Aka yi wa yarinyar duka. Da ta zo aji washegari ko kallon kwamfuta ba ta yi ba, ni kuwa na ji kunya, domin na koya mata buga haruffa ban taɓa ce mata komai a kan wannan lamba ba.

Tun daga ranar na sauya darasi. Ina ɗaukar waya in zama ɗan damfara, murya mai daɗi, in kira yaro ɗaya gaban aji. In lallaɓa shi, in tsorata shi, in ce sauri nake. Aikinsa ya ce "ba na bayarwa", ya kashe waya, ya kira babba. Su maimaita har ya zauna a bakinsu: lambar sirrin katin banki, lambar OTP da ke shigowa ta saƙo, BVN da NIN masu lamba 11, ba a karanta wa kowa su ta waya. Banki ba ya kira ya nemi lambar sirri.

Sai baƙon da ke shigo wa yaro ta WhatsApp ko cikin wasan waya, ya tura masa kati, ya nemi hoto ko sunan makaranta. Koya musu alama guda: duk wanda ya ce "kada ka gaya wa kowa", shi za a fara kai ƙara. Su kuma sani Facebook da TikTok da Instagram sun sa shekara 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun buɗe shafi, yawancin ɗalibanka ba su kai ba.

Don Allah, yaron da ya zo ya ce ya ga abin banza ko ya danna abin da bai kamata ba, kada ka ɗaga masa bulala. In ka dake shi sau ɗaya, na gaba zai ɓoye, ɓoyewar nan kuwa ita mugu yake nema. Ka roƙi hedimasta minti goma a taron iyaye ka faɗa musu wannan da Hausa, a samu mai juyawa da Yarabanci.

Kai ma ka kiyaye. Kada ka ɗauki hoton ɗalibai ka ɗora a shafinka don tallar aiki. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta ce sai da amincewar iyaye ake sarrafa bayanan yaro.

Akwai tsohuwar waya a durowar ƙasa, wadda na sayo a Kwamfuta Bilej ta Ikeja don kayan gyara. Cire layin da ke ciki, ka yi mata caji, ka tafi da ita aji ranar Litinin.