Me Ya Sa Ake Gudun Motar Amurka? Amsa Ga Yarona Na Gareji

Ka tambaye ni dalilin da ya sa dillalai ke karya farashin Chevrolet da Dodge, alhali Toyota ko ta tsufa rububinta ake yi, har ka ce ko dai Amurkawa ne ba su iya ƙera mota ba. Sun iya, ɗana. Su ne ma suka koya wa duniya ƙera mota da yawa a lokaci guda, tun da Henry Ford ya kafa layin haɗa mota mai tafiya a 1913. Kuma Camry ɗin nan da ake shigowa da ita ta Kwatano da Legas, yawancinta a jihar Kentaki aka haɗa ta, inda Toyota ke da masana'anta tun 1988. Accord kuwa a Ohio Honda ta fara yin ta a 1982. Ma'aikatan Amurka ne suka ɗaure notinansu. To ka ga ba a hannun ma'aikaci gizo ke saƙa ba. Abin dubawa shi ne wa ke da magana ta ƙarshe a kamfani, mai awon ƙarfe ko mai lissafin riba.

Bayan yaƙin duniya na biyu masana'antun Turai da Japan sun zama kufai, sai kasuwar Amurka ta zama ta kamfanoni uku: General Motors (GM), Ford da Chrysler. GM kaɗai ta riƙe kusan rabin kasuwar. Wanda ba shi da abokin gasa, duk abin da ya fitar sai an saya. Dama tun shekarun 1920 shugaban GM, Alfred Sloan, ya ɗora kamfanin kan sauya fasalin mota kowace shekara don mai ta bara ya ji tasa ta tsufa. Kuɗi ya tafi wajen ado da ƙyalli. Daga 1958 kuma, da aka naɗa Frederic Donner, shugabancin GM ya riƙa faɗawa hannun mutanen sashen kuɗi, waɗanda aikinsu shi ne su nuna wa masu hannun jari riba duk wata uku. Mutumin da ake auna shi da wata uku ba zai kwana da damuwar gasket ɗin da zai ƙone bayan shekara huɗu ba.

A shekarun 1970 abin ya fito fili. Chevrolet Vega ta zo da injin alminiyum da ke lanƙwashewa da zarar ya yi zafi, ya riƙa shan baƙin mai, bodinta kuma tsatsa na cinye shi da wuri. A masana'antar Lordstown, inda ake haɗa ta, an kai layin ga mota 100 a awa ɗaya. Yi lissafi, daƙiƙa 36 ke nan ga kowane mutum ya gama nasa aikin. A 1972 ma'aikatan suka shiga yajin aiki. Ita kuwa Ford Pinto tankin mai aka sa mata a bayan akisil na baya, inda karo daga baya ke iya fasa shi wuta ta tashi, kuma sai a 1978 aka janye motoci kusan miliyan 1.5 don gyara. Da man fetur ya yi tsada a 1973, mutane suka gwada ƙananan motocin Japan don tsimin mai, sai suka tarar ba sa kwana a gareji. Da yawansu ba su sake waiwayen Detroit, cibiyar kamfanonin motar Amurka, ba.

Labarin da nake so ka riƙe shi ne na Vibe, tunda ka sha buɗe bonet ɗinta. Tambarin Pontiac ne a gabanta, wato GM, amma injin da ke ciki na Toyota ne, irin na Corolla. Ka taɓa tambayar kanka yadda aka yi haka? A garin Fremont na jihar Kalifoniya GM na da masana'anta da ta yi ƙaurin suna, ana cewa ma'aikatanta ne mafi lalacewa a harkar: fashin aiki, shaye-shaye, rigima da manajoji. Aka rufe ta a 1982. A 1984 GM da Toyota suka sake buɗe ta tare da sunan NUMMI, Toyota ke gudanarwa, kuma a nan ne daga baya aka riƙa haɗa Vibe. Yawancin waɗanda aka ɗauka tsofaffin ma'aikatan nan ne da aka ce ba su da amfani. Aka kai wasunsu Japan suka ga yadda ake aiki. Ba a daɗe ba motocin da ke fita daga wurin suka shiga sahun gaba a inganci cikin duk na GM. Ginin nan ne, mutanen nan ne.

Babban abin da ya sauya igiya ce. A tsarin da, layi ba ya tsayawa ko me ya faru, domin da yawan motocin da suka fita ake auna manaja. Ka ga noti bai zauna ba, ka bar shi ya wuce, a ɗora wasu kaya a kansa, wai za a gyara a fili daga baya. A tsarin Toyota kowane ma'aikaci na da igiya a saman kansa. Ya ga matsala ya ja, shugaban rukuni ya zo da sauri, in ba a warware ba layi ya tsaya. Tsayuwar layi asara ce ta nan take, kamfanin kuma ya yarda ya ɗauke ta. Shi ya sa nake ce maka in ka ji zaren bol yana cijewa ka dakata ka kira ni, ko da mai mota na tsaye yana duba agogo. Ba zan taɓa yi maka faɗa don ka tsaya ba. GM ta ga wannan da idonta, amma ta ɗauki shekaru masu yawa kafin darasin ya shiga sauran masana'antunta, kuma a 2009 ita da Chrysler suka durƙushe sai da gwamnati ta tallafe su.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne na makunnin Chevrolet Cobalt da Saturn Ion. A cikin wurin da ake zura makulli akwai ɗan ƙaramin ƙarfe mai sifirin da ke riƙe makullin a inda ka juya shi. Nasu ya yi gajere, da abin da bai kai milimita 2 ba. In an rataya makullai masu nauyi, ko gwiwa ta taɓa, ko an faɗa rami, sai makullin ya juya da kansa, inji ya mutu ana tsakiyar gudu. Sitiyari ya yi tauri, burki ya yi nauyi, jakar iska kuma ba za ta buɗe ba. Kamfanin GM, mai waɗannan motoci, ya san da matsalar, a 2005 aka duba hanyoyin gyara aka ajiye su saboda kuɗi da lokaci, sai aka aika wa dillalai takarda cewa a shawarci masu mota su rage nauyin makullansu. Gyaran bai kai dala 1 a kowace mota ba. A 2006 wani injiniya ya amince a sauya ƙarfen da mai tsawo, amma bai sauya lambar kayan ba. Ka san abin da wannan ke nufi a wurin bakanike: kaya biyu daban, lamba ɗaya, ba ka da hanyar sanin wanne ne a hannunka sai ka kwance ka auna. Haka masu bincike suka yi ta lalube shekara da shekaru. Sai a 2014 aka janye motoci miliyan 2.6. Asusun diyya ya amince da mutuwar mutum 124, kuma a 2015 GM ta biya gwamnati dala miliyan 900.

Kada ka ɗauka cutar ta Amurka ce kaɗai. Toyota ma ta biya tarar dala biliyan 1.2 a 2014 kan ɓoye matsalar totur. Kuma motocin Amurka na yanzu sun fi na zamanin Vega nesa ba kusa ba. Manyan a-kori-kura nasu da injinansu masu silinda 8 ƙarfe ne na gaske, don nan ribarsu take, nan suke zuba hankali. Wani ɓangare na karyewar farashinsu a wajenmu ma rashin kayan gyara ne da ƙarancin waɗanda suka san su.

Saboda haka duk motar da ta shigo, fara da lambar shasi. In ta fara da 1, 4 ko 5, a Amurka aka haɗa ta, 2 Kanada, 3 Meziko, J kuma Japan. Ka sa lambar a shafin hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, NHTSA, kyauta ne, zai nuna maka ko akwai gyaran janyewa da ba a yi mata ba kafin a loda ta a jirgi. In ka samu, ka faɗa wa mai motar kafin ka ɗauki sifana.