Amsa ga Dokta mai neman horon likitan ƙwaƙwalwa a Amurka

Wa alaikumus salam, Dokta. Ka ce ka kammala karatun likita a gida, kana shirin neman gurbin ƙwarewa kan cututtukan taɓin hankali a Amurka, kuma ranka ya fi kwantawa da asibitocin da ke duban cutar ta fuskar ƙwaƙwalwa, magani da gado. Shi ne kake tambayar yadda za ka gane su da yadda za ka yi takarar shiga. Ni ma ta wannan hanya na bi, saboda haka zan faɗa maka abin da idona ya gani.

Rabuwar da kake magana a kanta, tsakanin masu duban cutar ta fuskar ƙwaƙwalwa da masu fifita jinyar tattaunawa, tana da asali. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, salon Freud, na binciken zuciyar mara lafiya ta hanyar tattaunawa, ne ya mamaye yawancin sassan horo a Amurka, sai Jami'ar Washington da ke Sent Luwis ta ƙi bin ayari. A can ne Eli Robins da Samuel Guze da George Winokur suka dage cewa a siffanta cutar hankali da alamominta, da tarihinta a cikin dangi, da yadda take kasancewa bayan shekaru, kamar kowace cuta ta jiki. Daga wannan aiki ƙa'idojin Feighner na 1972 na tantance cututtukan hankali suka fito, su ne kuma suka share fage ga bugu na uku na DSM, kundin rarraba cututtukan hankali na Amurka, a 1980. Winokur ya koma Jami'ar Ayowa a 1971 ya dasa irin wannan tunani, kuma har yau za ka ji ana ambaton Ayowa, Fitsbag, Johns Hopkins da Yel idan aka zo wannan batu.

Amma kada ka zaɓi wuri saboda tsohon suna kawai. Hukumar ACGME, mai tantance horon ƙwarewar likitoci a Amurka, ta wajabta wa kowa abu ɗaya: shekara 4 na horo, da aƙalla wata 4 a likitancin gama-gari, wata 2 a sashen jijiyoyi, da koyon jinya ta hanyar tattaunawa. A yau kusan kowane asibiti zai rubuta a takardarsa cewa yana ƙaunar kimiyyar ƙwaƙwalwa, don haka rubutun ba ya bambanta komai. Abin da ke bambantawa shi ne abin da ake barin mai koyo ya yi da hannunsa, kuma wannan ba daga bakin shugaban sashe za ka ji shi ba, sai daga bakin waɗanda ke shekara ta uku da ta huɗu.

Ka tambaye su jinyar lantarki, wato ECT, guda nawa kowannensu ya yi da kansa, ba wadda ya tsaya ya kalla ba. Ka tambaya ko akwai asibitin masu shan maganin kulozafin da mai koyo ke riƙe marasa lafiyarsa, yana bin gwajin fararen ƙwayoyin jininsu mako-mako a watanni 6 na farko, domin likitan da bai taɓa fara wannan magani da kansa ba zai fita yana tsoronsa, alhali shi ne abin dogaro ga mai sikizofireniyar da ta ƙi jin sauran magunguna. Haka nan litiyom, maganin daidaita yanayin zuciya, wanda John Cade ya nuna amfaninsa tun 1949, amma matasa da yawa suke guje masa saboda wahalar bibiya. Bayan waɗannan ne za ka tambayi na'urar maganaɗisu ta TMS da aka amince da ita a 2008, da feshin hanci na esketamin na 2019. Da gangan na sa su a baya: su ne ake tallatawa, amma tsofaffin nan uku ne suka fi ceto rayuka a gabana.

Idan bincike kake so ya zama sana'arka, ka nemi tsarin horo mai keɓantaccen lokacin bincike, ka kuma tambayi rana nawa ne a mako, daga wace shekara, kuma wa zai riƙe maka marasa lafiya a lokacin. Ka nemi sunan malami ɗaya da aikinsa ya dace da naka, ka karanta takardunsa kafin ganawa. Ka kuma sani tun da wuri cewa wasu tallafin horon bincike na gwamnatin tarayyar Amurka na 'yan ƙasa ne da masu katin zama na dindindin kaɗai.

Game da takara kuwa, tun Janairun 2022 ta farko cikin jarrabawowin USMLE uku na lasisin likitanci a Amurka ta koma ci ko faɗuwa, saboda haka nauyin maki ya koma kan ta biyu. Ka ba ta haƙƙinta. Sai shaidar ECFMG, hukumar da ke tantance likitocin da suka yi karatu a wajen Amurka, da wasiƙu daga likitocin ƙwaƙwalwar da suka ga aikinka a can, da miƙa takardu ta ERAS, shafin neman gurbin horo, a Satumba ba tare da jinkiri ba. Alamomin nuna sha'awa da ake ba mai nema don ya aika wa wuraren da ya fi so ƙalilan ne, kada ka zuba su duka a manyan jami'o'i. Ka duba bizar da kowane wuri ke bayarwa, domin J-1 na tafe da sharaɗin komawa gida shekara 2, H-1B kuma tana buƙatar ka ci jarrabawa ta uku tukuna.

Kada ka raina abin da ka kawo daga gida. Wanda ya yi aiki a asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Kaduna, Kware ko Maiduguri ya ga sandarewar jiki, da taɓin hankali bayan haihuwa, da illolin maganin halofaridol, ya kuma koyi gane su ba tare da hoton ƙwaƙwalwa ba. Ka zaɓi mara lafiya ɗaya, ka ɓoye sunansa, ka gina takardar bayanin kanka, wadda ake haɗawa da takardun nema, a kan tambayar da ciwonsa ya bar maka.

Akwai kuskuren da na yi wanda ba na so ka maimaita. A wata ganawa na ce jinyar tattaunawa ɓata lokaci ce, ina zaton haka zai burge masu kimiyya. Mai tambayar, wanda kansa masanin magunguna ne, ya ce mini: “Idan ba ka iya zama da mutum ba, wa zai shawo kansa ya ci gaba da shan kulozafin shekara goma?” Ban samu gurbi a wurin ba, kuma daga baya aiki ya nuna mini gaskiyarsa.

Lokacin jera zaɓinka kafin sakamakon Maris, ka sa wurin da ka fi so a sama ko da kana ganin ya fi ƙarfinka, domin tsarin NRMP, mai haɗa masu nema da wuraren horo, daga zaɓin mai nema yake farawa, kuma yin haka ba ya rage maka dama a wuraren da ke ƙasa. Idan ka rubuta takardar bayanin kanka, turo mini in duba maka kafin Satumba. Allah ya ba da sa'a.