Sir Arku Korsah: daga zauren majalisa zuwa kujerar Alƙalin Alƙalai

Tambaya: Wani mai karatu daga zangon Kumasi yana son sanin ko Sir Arku Korsah ɗan siyasa ne ko alƙali, da kuma dalilin da ya sa Kwame Nkrumah ya tuɓe shi.

Amsa: Duka biyun ya yi, sai dai siyasar ce ta fara zuwa. An haife shi a Saltpond a 1894, ya yi karatu a Mfantsipim da Kwalejin Fourah Bay ta Saliyo, sannan ya zama lauya a Landan. Daga 1928 zuwa 1940 ya zauna a majalisar dokokin Gold Coast (Ghana ta yanzu), a 1942 kuma shi da Nana Ofori Atta suka zama baƙaƙen fata na farko a majalisar zartaswa ta Gwamna. Siyasar wancan zamani ta masu ilimin boko da sarakuna ce, waɗanda ke neman gyara daga cikin tsarin Turawa. Daga nan ya koma alƙalanci, har aka naɗa shi Alƙalin Alƙalai a 1956, ɗan ƙasa na farko a wannan kujera.

Shari'a biyu ne suka fi bayyana shi. A 1961 lauya J. B. Danquah ya tsaya wa Baffour Akoto, kakakin Sarkin Asante, da wasu mutum bakwai da aka tsare ba tare da shari'a ba a ƙarƙashin dokar 1958. Kotun Korsah ta ce alkawarin kare 'yancin jama'a da shugaban ƙasa ya ɗauka bisa tsarin mulkin 1960 ba abu ne da kotu za ta tilasta masa cikawa ba. A ganina nan ne ya yi babban kuskurensa, domin ya sakar wa gwamnati mara ta tsare wanda ta ga dama.

Bayan an jefa wa Nkrumah bam a Kulungugu, kusa da Bawku, a watan Agusta 1962, an gurfanar da makusantansa uku bisa zargin hannu a harin: Tawia Adamafio, Ako Adjei da Cofie Crabbe. A Disamba 1963 Korsah, tare da alƙalai Van Lare da Edward Akufo-Addo, suka wanke su saboda rashin gamsasshiyar hujja. Cikin 'yan kwanaki Nkrumah ya sauke shi, aka soke hukuncin, aka sake shari'ar, aka yanke wa mutanen hukuncin kisa wanda daga baya aka mayar da shi ɗauri. Ƙuri'ar raba gardama ta Janairu 1964 ta ba shugaban ƙasa ikon korar manyan alƙalai. Korsah ya rasu a 1967, shekara guda bayan sojoji sun hamɓarar da Nkrumah.