Yaushe ake cire katakon dakin?

Malam, ka ce kana gina bene a Ƙofar Ƙaura, an zuba dakin, wato rufin kankare, kwana goma da suka wuce, kafinta kuma yana matsa maka a cire katako don zai kai wani aiki. Don Allah kada ka yarda.

Kankare ba bushewa yake yi ba, ƙarfi yake tarawa, kuma da ruwa yake tara shi. Sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da injiniya ya lissafa. Ranar Katsina da iskar hunturu suna zuƙe ruwan da wuri, sama ta yi tauri, ciki bai nuna ba. Shi ya sa ake ba shi ruwa safe da yamma, aƙalla kwana 7, a rufe shi da jiƙaƙƙun buhuna. Sandunan da ke tokare da shi ka bar su kamar mako uku, kuma injiniya mai rajistar COREN, hukumar kula da aikin injiniya ta Najeriya, ne zai ce a cire, ba kafinta ba. In kuɗin hayar katakon ne damuwarsa, ka ƙara masa.

Kada a jibge bulo a kan dakin yanzu.

Ranar cirewa kuwa, abin da ya fi damuna leburori ne. Na sha ganin yara da silifas suna taka katako mai ƙusa. Ka saya musu takalmi mai tauri da hular kwano, kuma kada kowa ya tsaya a ƙasa ana zare sanduna.